Barkwancin soja a wasan kwaikwayon Hausa

Barkwancin soja wani reshe ne na wasan kwaikwayon ban dariya wanda ake gina labarinsa a kan rayuwar bariki, wato fareti, da horon kurata, da biyayya ga na gaba, da irin kwamacalar da ke faruwa idan farar hula ya sa kaki alhali bai san dokar kakin ba. A ƙasar Hausa an fi sanin wannan salo ta hanyar shirin Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya yi tashe a rediyo da talabijin na Kaduna tun daga shekarun 1970. Salon yana da tushe a wasannin gargajiya na Hausawa, da al'adar makaɗa da maroƙa masu rakiyar dawakin yaƙi, da kuma karin harshen da ake kira Barikanci. Yana kuma da takwarori a wasu ƙasashe, musamman finafinan Amurka na tsakanin 1918 da 1941 waɗanda ke nuna 'yan wasa ko wasu marasa aikin yi sun shiga soja, ciki har da rundunar dawaki.

Siffofi

Galibin wasannin irin wannan suna tsayawa ne a kan mutum uku. Na farko shi ne kurtu, sabon shiga wanda bai bambance hagu da dama ba, kuma ya shiga soja don wani dalili nasa, ko yunwa, ko neman suna, ko gudun bashi. Na biyu shi ne samanja ko saje, wanda aka ɗora wa nauyin mayar da kurtun soja, yana da tsawa da zare ido da hukunci. Na uku shi ne hafsa, wanda ba ya yawan magana, amma kowa na rawar jiki idan ya bayyana.

Dariyar tana fitowa ta hanya uku. Akwai ta jiki, kamar juyawa dama lokacin da aka ce hagu, ko sara wa wanda bai kai a sara masa ba. Akwai ta harshe, inda umarni ke fita da wata ma'ana ya isa kunne da wata. Akwai kuma ta matsayi: mutumin da ya gama yi wa kurata tsawa shi ne zai ƙame kamar gunki a gaban hafsa ƙaramin yaro, sannan ya koma gida ya tarar tsawar ba ta aiki a kan iyalinsa. Yawanci ba a nuna fagen fama da zubar da jini. Wasan yakan ƙare ne da an gano gaskiya, an hukunta mai laifi, doka ta koma wurinta.

Dawakin yaƙi da masu rakiyarsu

Kafin zuwan Turawa, ƙarfin yaƙin masarautun Hausa yana kan doki ne. Akwai 'yan lifida, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri don kare kibiya, akwai 'yan sulke, sannan dakaru masu tafiya a ƙasa da baka ko mashi. A Katsina, Ƙaura shi ne babban jagoran yaƙi, yayin da a wasu masarautu Madawaki ke riƙe da ragamar dawaki.

Bayan da mayaƙan jihadi suka karɓi Katsina a farkon ƙarni na 19 aka naɗa Ummarun Dallaje, tsofaffin sarakunan Katsina sun yi arewa, inda suka kafa Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Daga nan aka shafe kusan ƙarnin gaba ɗaya ana kai wa juna hari tsakanin Katsina da Maraɗi, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Yankin da garin Jibiya yake a yau yana tsakanin biranen biyu ne.

Rundunar wancan zamani ba ta fita ba tare da masu kiɗa ba. Ana tafiya da tambari da kakaki da algaita da kuge, wasu a kan dawaki, wasu a kan raƙuma. Maroƙa suna yi wa barade kirari don su ƙara ƙaimi, kuma suna yi wa wanda ya ja da baya zambo, abin da jarumi ke tsoro fiye da rauni. Joseph Smaldone ya yi bayanin tsarin waɗannan rundunoni a littafinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato, wanda aka buga a 1977. Saboda haka zaman mai nishaɗantarwa a cikin mayaƙa tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma al'ada ta ba shi damar faɗar abin da wani ba zai iya faɗa ba.

Zamanin dawakin yaƙi ya ƙare a 1903, lokacin da sojojin Ingila masu bindiga mai sarrafa kanta suka ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris. Abin da ya rage shi ne hawan sallah, inda har yau ake ganin 'yan lifida da makaɗa da zagage a jere bayan hakimai. A Katsina da Zazzau akwai Hawan Bariki, wanda asalinsa ziyarar sarki ce ga Razdan, yanzu kuma ga gwamnati.

Wasannin kwaikwayo na gargajiya

Kwaikwayon masu iko don a yi dariya shi ma ya riga rediyo. 'Yan kama sun shahara wajen kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin manyan mawaƙa, suna sauya kalmomin da zancen tuwo da fura da nama. C. G. B. Gidley ya rubuta maƙala a kan sana'arsu a 1967. A fada akwai wawan sarki, wanda ake yafe masa maganar da za ta jawo wa wani hukunci. Akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Akwai kuma kalankuwa, bikin samari da 'yan mata na bayan kaka, inda ake raba muƙamai na wasa. Bayan zuwan Turawa sai muƙaman suka haɗa da gwamna da alƙali da likita da ɗan sanda da soja. Ta wannan hanya kaki ya shiga wasan ƙauye tun kafin ya shiga akwatin talabijin.

Bariki da Barikanci

Alaƙar harshen Hausa da aikin soja irin na Turawa ta fara ne a Legas a 1863, lokacin da John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka fara haɗa rundunar Afirka ta Yamma a hannun Frederick Lugard, kuma Hausa ta zama harshen da ake magana da shi tsakanin hafsoshi Turawa da ƙananan sojoji. Da yawa daga cikin sojojin ba Hausawa ba ne. Akwai Barebari da Zabarmawa da Tibi da Dakarkari da Angasawa da sauransu, kowa ya koyi Hausar ne a bakin aiki. A Yaƙin Duniya na Biyu an kai dubban irin waɗannan sojoji Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Waɗanda suka dawo su ne aka riƙa kira mazan jiya.

Hausar da ta taso a wannan yanayi ita ce Barikanci. Masana harshe suna lissafa ta a cikin sauƙaƙan harsunan hulɗa, kuma tana da siffofi sanannu. Ba ta kula da jinsi, don haka za a ji "yarinya ya zo" maimakon "yarinya ta zo". Ba ta bambance baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ƙugiya, sai ƙafa ta zama kafa, baƙi su zama baki, ƙasa ta zama kasa. Tsawon wasali da karin sauti sukan ɓace, har gari na zama da gari na tuwo su zama abu ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya haifar da rashin fahimta, kuma a kan wannan rashin fahimta ne marubutan barkwanci ke gina wasa.

Bariki ya kuma ba Hausa kalmomin aro masu yawa daga Turanci, waɗanda aka gyara su suka dace da tsarin sautinta. Daga cikinsu akwai soja, kurtu, farabiti, kofur, saje, samanja, hafsa, laftanan, kyaftin, manjo, kanar, janar, bataliya da fareti. A kalmar farabiti da fareti, sautin p na Turanci ya koma f, kuma an ƙara wasali a ƙarshe domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. A farabiti an kuma saka wasali tsakanin baƙaƙen farko, an mayar da v ya zama b. Samanja kuwa kalmomi biyu ne na Turanci aka dunƙule suka zama ɗaya. Tsofaffin kalmomin zamanin dawaki ba su mutu ba. Har yau kafofin labarai suna cewa dakaru da runduna da sansani da ganima.

Samanja Mazan Fama

An haifi Usman Baba Pategi a 1942 a garin Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu, a gidan sarautar Nufawa na garin. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki da gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda aka kafa a 1962. A shekarun 1960 ya bar wannan aiki ya shiga soja, aka ba shi horo a fannin sadarwa. Wannan shi ne zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da yawan sojojin Najeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000. Daga baya ya koma harkar rediyo da talabijin a Kaduna, inda ya yi aikin rubutawa da shiryawa da fitowa a wasanni. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81.

Shirin Samanja ya fito a lokacin da kusan kowane babban gari a Arewa yake da bariki, kuma kusan kowace unguwa tana da wanda ya je yaƙi ya dawo. Tauraron shirin samanja ne na bataliya, wato babban jami'in da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji, mai kula da ladabi da tsafta da fareti. Pategi ya san wannan muƙami daga ciki, don haka tafiyarsa da tsawarsa da yadda yake ƙamewa suka yi kama da na gaske. Babban makamin wasan shi ne baki. Samanja yakan fara magana da Hausa, ya tsallaka Turancin bariki, ya dawo Hausa, duk a cikin numfashi ɗaya. Wanda ya san harsunan biyu yana dariyar yadda aka karya su, wanda bai san Turanci ba kuma yana dariyar sautin da fuskar mai maganar. Graham Furniss ya kawo shirin a cikin littafinsa kan waƙa da zube da al'adun zamani na Hausa, wanda aka buga a 1996.

Shirin ya yi zamani da wasu wasannin ban dariya na talabijin, irin su Karambana na Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da Kuliya a Kano. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya taɓa hukumar da ke mulkin ƙasa. Sojoji sun mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, in ban da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya a 1993. Tashoshin da ke watsa shirin na gwamnati ne: an kafa NTA a 1977, Rediyon Tarayya kuma ya samu sunansa na yanzu a 1978. A irin wannan hali wasan ya tsaya a kan ƙananan ma'aikata da halayensu, bai hau kan masu riƙe da mulki ba. Ya ba farar hula damar yi wa kaki dariya a fili, ya kuma nuna cewa a cikin kakin akwai mutum mai iyali da bashi da maƙwabta. A ɗaya ɓangaren, wasan yana koyar da ladabi da kiyaye lokaci da bin doka, abubuwan da rundunar kanta ke son a san ta da su.

Zamanin bidiyo

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. A cikin masana'antar da ta biyo baya, wadda aka laƙaba wa suna Kannywood, finafinan ban dariya sun zama ɓangare mai zaman kansa da ake kira camama. Jagoran wannan ɓangare shi ne Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda aka haifa a 1971 ya rasu a watan Disamba na 2014. Shi ma ya sa kaki kafin ya shahara, domin ya yi aikin gandiroba. Salon camama ya gaji abubuwa da yawa daga wasannin talabijin: kwaikwayon karin harshen wasu ƙabilu, da mutumin da ya samu ɗan ƙaramin iko ya ɗauke shi da zafi, da wawan da ke tsira ta hanyar sa'a.

Zamanin bidiyo ya zo da nasa iyakoki. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ɗan Ibro a kan fim ɗin Ibro Aloko. Game da kaki kuwa, dokokin Najeriya sun hana wanda ba ma'aikaci ba sa kayan soja ko na 'yan sanda ba tare da izini ba. A 2022 rundunar 'yan sandan Najeriya ta gargaɗi masu shirya finafinai da gajerun bidiyon barkwanci kan amfani da kakinta ba da izini ba, ko ta hanyar da za ta zubar mata da mutunci.

A Jamhuriyar Nijar

A Nijar wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa ne a dandamali da rediyo da talabijin na gwamnati, musamman a zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a juyin mulkin 1974 ya riƙe har rasuwarsa a 1987. Gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta riƙa shirya gasar matasa ta ƙasa wadda wasan kwaikwayo ke cikinta. Ƙungiyar Damagaram, wadda Yazi Dogo ke cikin fitattunta, ta yi suna wajen wasannin ban dariya masu sukar halayen ma'aikata da 'yan kasuwa. Janet Beik ta buga littafi a kan wannan wasan kwaikwayo na Nijar a 1987.

A fagen fim, Moustapha Alassane ya shirya Le Retour d'un aventurier a 1966. Labarin wani saurayi ne da ya dawo ƙauyensu daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suna kwaikwayon abin da ake gani a finafinan Amurka, har wasan ya rikiɗe ya zama fitina. Fim ɗin yana nuna yadda hoton mahayin doki na Amurka ya iso yankin da yake da tasa tsohuwar al'adar hawa.

Takwarori a finafinan Amurka

Silima ta zama wurin taruwa a biranen Arewa tun zamanin mulkin mallaka. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma finafinan Amurka da na Ingila ne suka fara cika allon kafin na Indiya su mamaye shi. A Amurka kuwa barkwancin soja ya kafu tun zamanin fim marar magana. Charlie Chaplin ya fitar da Shoulder Arms a watan Oktoba na 1918, makonni kaɗan kafin a tsagaita wuta, inda ya fito a matsayin kurtu marar dabara a ramukan yaƙi na Faransa.

Misali mafi kusa da labarin 'yan wasa a rundunar dawaki shi ne Pack Up Your Troubles, na kamfanin 20th Century Fox, wanda ya fito ranar 20 ga Oktoba, 1939. H. Bruce Humberstone ne ya ba da umarni, Sol M. Wurtzel ya shirya. Taurarinsa su ne Jane Withers, tana da shekara 13 a lokacin, da 'yan'uwa uku da ake kira Ritz Brothers, wato Al da Jimmy da Harry. Akwai kuma Lynn Bari da Joseph Schildkraut da Stanley Fields, wanda ya fito a matsayin sajen da ke fama da su. A Ingila an nuna shi da sunan We're in the Army Now. Akwai wani fim dabam mai suna iri ɗaya na Laurel da Hardy, wanda ya fito a 1932.

Labarin ya faru ne a 1917, shekarar da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. 'Yan wasan dandamali uku ne da sana'arsu ita ce kwaikwayon karin harshen Jamusawa. Da aka shiga yaƙi da Jamus sai kasuwarsu ta mutu, suka shiga rundunar dawaki. A Faransa, maimakon hawan ingarma, sai aka ba su kiwon alfadarai. Can suka haɗu da wata yarinya mai suna Colette, wadda mahaifinta hafsan Faransa ne da ke leƙen asiri a cikin sojojin Jamus. Kayan Jamusawa da suka sa don wasa suka sa aka ɗauke su abokan gaba, suka gudu a cikin balan-balan, iska ta sauke su a ɓangaren Jamusawa, inda aka karɓe su kamar jarumai. A ƙarshe karin harshen da ya raba su da abinci shi ne ya cece su, har suka kamo janar na Jamus. Wannan shi ne fim na ƙarshe da 'yan'uwan suka yi wa Fox kafin su koma kamfanin Universal a 1940.

Bayan da Amurka ta kafa dokar tilasta shiga soja a watan Satumba na 1940, irin waɗannan finafinai suka ƙaru. A 1941 Abbott da Costello suka fito a Buck Privates, Laurel da Hardy kuma a Great Guns, inda suka bi ubangidansu cikin rundunar dawaki don su kula da shi. A lokacin dawakin yaƙi na Amurka suna dab da ƙarewa, domin harin ƙarshe da sojojinta suka kai a kan dawaki ya faru ne a Filifin a watan Janairu na 1942.

Idan aka kwatanta, finafinan Amurka da wasan Samanja sun haɗu a kan kurtu da saje, da kuma amfani da karyayyen harshe. Sun rabu a kan wanda labarin yake bi. A Amurka tauraro shi ne kurtu, saje kuma abokin hamayyarsa ne. A wasan Kaduna samanjan ne da kansa tauraro, mai kallo yana ganin duniya ta idon mai tsawar.

Jibiya da masu kallo na kan iyaka

Jibiya hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, fiye da kilomita 40 daga birnin Katsina, a kan hanyar zuwa Maraɗi. Tashar kan iyaka tana Magama, daga nan sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata wannan iyaka, suka raba mutanen da harshensu da danginsu ɗaya ne. Rediyon Kaduna ya daɗe ana kama shi a kudancin Nijar, kuma finafinan Kannywood suna da kasuwa babba a Maraɗi da Damagaram.

Ga mai nazarin harshe, wannan yanki yana nuna iyakar barkwancin bariki. Kalmomin kaki na ɓangaren Najeriya daga Turanci suke, na ɓangaren Nijar kuma daga Faransanci. Wanda ake kira kwastan a Magama shi ne duwan a Ɗan Isa. A can akwai jandarma da kumandan, kamar yadda ake cewa lakwal a maimakon makarantar boko. Dariyar jiki da ta matsayi tana tsallaka iyaka ba tare da tafinta ba, amma wasan kalmomi da aka gina a kan Turancin bariki yana buƙatar kunnen da ya saba da Turancin.

A yankin, kaki abu ne na yau da kullum. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ƙaramar hukumar Jibiya tana cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa, abin da ya kawo ƙarin sojoji da shingayen bincike a kan hanya, kuma a watan Oktoba na 2023 gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Ganin cewa masu laifi sukan yi shigar jami'an tsaro, batun wanda ya cancanci sa kaki ya wuce maganar wasa a irin wannan wuri.

Muhawara

Ana duban barkwancin soja ta fuska biyu. Masu goyon bayansa suna ganin yana rage tsoron da ke tsakanin soja da farar hula, kuma ci gaba ne na tsohuwar damar da al'ada ta ba ɗan kama da wawan sarki ta faɗa wa mai iko gaskiya cikin raha. Masu suka suna da hujja iri biyu. Wasu na ganin yana rage kwarjinin kaki a lokacin da masu sa shi ke rasa rayukansu. Wasu kuma na ganin yana mayar da cin zalin da wasu masu kaki ke yi abin dariya, har mutane su saba da shi.

Akwai kuma batun harshe. Dariyar da ake yi wa Barikanci dariya ce ga Hausar waɗanda ba Hausawa ba, kuma tana iya zama raini idan ta fito daga bakin ɗan asalin harshen. A nan ana lura da cewa Usman Baba Pategi shi kansa Banufe ne, kuma tsohon soja, don haka mutanen da yake kwaikwayo abokan aikinsa ne da ya zauna da su a bariki.